Naman Shanu A Gadarif: Wa Ya Yanka, Kuma Yaushe?

Duk wanda ya shiga rumfunan mahauta na babbar kasuwar Gadarif da sassafe, zai tarar da cinyoyin shanu a rataye, a jikinsu akwai hatimin likitan dabbobi, shaidar cewa an duba dabbar a kwata. To amma da zarar mahauci ya sa wuƙa ya fara auna kilo da rabin kilo, sai hatimin ya bi mai saye na farko gida, sauran jama'a kuma su sayi nama a kan amana kawai.

Mu Hausawan wannan gari, maganar nama ba baƙuwarmu ba ce. Agashe da ake ci ko'ina a Sudan, har sunansa daga harshenmu ya fito, kakanninmu da suka yada zango a hanyar Makka ne suka zo da shi. A Kano da Katsina da Sakkwato kuwa, Sarkin Pawa ne ke da alhakin sanin abin da aka yanka. Nan ma a da kowa ya san mahaucinsa, ya san gidansu.

Abin ya sauya tun bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, jama'a suka kwararo Gadarif. Mai saye baƙo, mai sayarwa baƙo. A kantunan da ke da firiza za ka ga niƙaƙƙen nama, wanda ake kira mafrum, ƙulle a leda ba ko harafi ɗaya a jiki. Na sa ne, ko an haɗa da na raƙumi? Na jiya ne ko na makon jiya? Sau nawa ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta? Ga kuma yankan bayan gida da mutanen ƙasar nan ke kira kiri, wanda idon likita bai taɓa ganinsa ba.

Ba wai babu doka ba ne. Sudan na da dokar duba nama tun 1974, akwai kuma hukumar kula da ingancin kaya da ma'auni da aka kafa a 1992. A ganinmu, ƙarfin dokar a ƙofar kwata yake ƙarewa. Idan mai karatu bai manta ba, a 2007 zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutum fiye da 200 a ƙasar nan, kuma taɓa jini da ɗanyen naman dabba mara lafiya na cikin hanyoyin kamuwa da shi.

Turawa ma sai da suka sha wuya. Bayan cutar haukan shanu ta girgiza Ingila a 1996, Tarayyar Turai ta kafa doka a 2000, wadda ta kai ga tilasta rubuta ƙasar da aka haifi sa, da inda aka yi kiwonsa, da inda aka yanka shi, da lambar mayankar. Duk da haka a 2013 aka kama naman doki a cikin kayan da aka rubuta wa naman shanu, wato takarda ma tana ƙarya in babu mai bin sawu. Amurka kuwa ta soke tata dokar ta bayyana ƙasar asalin naman shanu a 2015, bayan ƙorafin Kanada da Meziko.

Ba ma neman takardar haihuwar sa a garin da shanu ke zuwa daga Butana, daga garkunan Fulani, wasu ma ta iyakar Habasha a Gallabat. Abu uku ya ishe mu a jikin kowace leda, da Larabcin da yaranmu ke karantawa: irin dabbar, ranar yanka, da kwatar da aka yanka ta. Mahauta kuma muna roƙonsu, su bar ɓangaren da ke da hatimi a rataye har sai naman ya ƙare, sannan su sayar da shi daga ƙarshe.