Yadda Injin Tururi Ya Fara Juya Wili

Fistin da ke cikin injin tururi motsi ɗaya kawai ya iya: ya tafi ya dawo a miƙe cikin silinda. Amma yawancin aikin masana'antu na juyi ne, kama daga dutsen niƙa da mazarin kaɗin zare har ƙafar jirgin ƙasa. Mayar da kai-komon fistin ya zama juyi shi ne abin da ya gagari maƙeran Ingila kusan shekara 70.

Injin da Thomas Newcomen ya kafa a 1712 an yi shi ne domin kwashe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Ana cika silinda da tururi, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, sai nauyin iskar waje ya danna fistin ƙasa. Fistin na ɗaure da sarƙa a jikin wani ƙaton gungume mai lilo, ɗaya gefen kuma yana riƙe da sandar famfo. Famfo ba ruwansa da juyi, don haka aikin ya dace. Sai dai injin yana ba da ƙarfi ne a saukowa kaɗai, da fizga, kuma tsawon tafiyar fistin ba ya zama daidai kowane lokaci. Mai masana'antar da ke son juyi sai ya bi ta bayan gida: injin ya ɗaga ruwa sama, ruwan ya zubo kan wilin ruwa ya juya shi. Kwal mai yawa ke ƙonewa a banza ta wannan hanya, amma juyin yana fita sumul.

Maganin kuwa tsoho ne ƙwarai: sanda mai gwiwa, wadda makanikai ke kira karanshaf. Al-Jazari ya bayyana irinta a littafinsa na 1206, a jikin na'urar ɗaga ruwa. Ana fitar da ɗan hannu daga sandar da ake son juyawa, a haɗa bakinsa da fistin ta wata sanda mai gaɓa a kowane gefe, wato sandar haɗi. Fistin ya tura, hannun ya yi rabin zagaye. Ya ja, ya ƙarasa sauran rabin. Tsawon tafiyar fistin shi ne ninki biyu na tsawon hannun.

Gwiwa tana da aibi guda. Ƙarfin juyin da take samu ba ɗaya ba ne a duk zagayen. Ya fi yawa lokacin da sandar haɗi ta yi kusurwar murabba'i da hannun, sannan ya yi ta raguwa har ya ƙare gaba ɗaya a wurare biyu, inda fistin da sandar haɗi da hannun suka jeru a layi ɗaya. A nan ko tururi ya kai yaya, dannawa kawai yake yi, ba ya juya komai. Duk telan da ke aiki da keken ɗinki na ƙafa ya san wurin: idan keken ya tsaya a nan, taka fedal ba ya tayar da shi, sai an murza wilin da hannu. Abin da ke tsallakar da inji daga wannan mataccen wuri shi ne babban wili mai nauyi da ake ɗaurawa a sandar juyi. Yana tara ƙarfi lokacin da turin ya yi yawa, ya mayar da shi lokacin da turin ya yanke.

A 1780 James Pickard na Birmingham ya sami takardar haƙƙin mallaka kan amfani da gwiwa a injin tururi. Wannan ya ɓata wa maƙerin injin tururi James Watt rai, domin a ganinsa dabarar da ke jikin kowane injin sassaƙa na ƙafa ba ƙirƙirar wani ba ce. Abokin kasuwancinsa Matthew Boulton kuwa yana matsa masa, saboda masu masana'antu a Landan da Manchester juyi suke nema. Watt ya ƙi ƙulla ciniki da Pickard, a 1781 ya yi rajistar wasu hanyoyi biyar na samar da juyi. Wadda ta karɓu ita ce giyar rana da tauraro, da ake danganta ƙirarta ga ma'aikacinsu William Murdoch. Giya mai haƙora ɗaya tana kan sandar babban wili, ita ce rana. Ta biyun, wato tauraro, an kafe ta a bakin sandar haɗi, ba ta juyawa a kan cibiyarta, sai dai ta yi ta zagaya ta farkon haƙori cikin haƙori. Idan girmansu ɗaya ne, babban wilin yakan juya sau biyu a kowane kai-komo na fistin, wanda ya amfani injinan lokacin masu sanyin gudu. Amma haƙora suna cinyewa, ga ƙara. Bayan haƙƙin Pickard ya ƙare a 1794, sannu a hankali kamfanin Boulton da Watt ya koma ga gwiwa.

Babbar gudummawar Watt tana wani wuri dabam, wato gyara injin kansa har ya dace da juyi. A 1782 ya yi rajistar injin da tururi ke shiga ta gefe biyu na fistin bi da bi, ƙarfi ya samu a tafiya da dawowa. Nan wata matsalar ta ɓullo, domin sarƙa tana ja amma ba ta turawa, kuma bakin gungumen lilo yana bin baka ne alhali sandar fistin tana buƙatar miƙaƙƙen layi. A 1784 ya warware wannan da haɗin sanduna masu gaɓoɓi da ke tilasta wa kan sandar fistin tafiya kusan a miƙe. Shi da kansa ya fi alfahari da wannan a kan sauran ƙere-ƙerensa na irin wannan fanni, kuma ya cancanta. A 1788 aka ƙara na'urar daidaita gudu: ƙwallayen ƙarfe biyu da ke buɗewa idan inji ya yi sauri, su rage tururin da ke shiga. Wani injin Watt da aka kafa a kamfanin Whitbread na Landan a 1785 yana nan har yau a gidan tarihi na Powerhouse a Sydney.

Jirgin ƙasa ya zo da tasa buƙatar, domin dole ya iya tashi daga tsaye duk inda ƙafafunsa suka tsaya. Kan jirgin da Richard Trevithick ya gwada a 1804 silinda ɗaya gare shi da ƙaton wili mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya suka sa silinda biyu, aka saɓa gwiwoyinsu da kwatan zagaye, wato digiri 90, ta yadda idan ɗaya ta faɗa mataccen wuri, ɗayar tana kusa da cikakken ƙarfinta. A yawancinsu ƙafar jirgin ita ce gwiwar, domin sandar haɗi tana kama wata ƙusa ce a jikinta, nesa kaɗan da cibiya. Da irin waɗannan kawunan jirgi aka yi jigila a layin dogon da ya isa Kano a 1911. Kai mai silinda biyu yana fitar da hucin tururi sau huɗu a kowane juyi na ƙafarsa.