Zufar Aiki da Zufar Wasa

Matsayin mutum a cikin al'umma yana da hannu a irin motsin da jikinsa ke yi. Lebura da ɗan dako da ɗan ga-ruwa jikinsu ne jarinsu, sai sun yi zufa suke ci. Ma'aikacin ofis da attajiri kuwa a zaune suke wuni, in za su motsa jiki sai bayan an tashi aiki, a filin wasa ko gidan motsa jiki da ake biyan kuɗi.

An daɗe ana ɗauka cewa kowane motsi magani ne. A 1953 likitan Birtaniya Jeremy Morris ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan bas masu hawa biyu na Landan, inda ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobi fiye da kwandastocin da ke wuni suna hawa da sauka a matakala.

Sai dai aikin kwandasta daban yake da ɗaukar buhun siminti. Wani bincike da aka yi kan mutane fiye da 100,000 a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, aka wallafa a 2021, ya nuna masu yawan motsa jiki a lokacin hutu sun fi tsira daga ciwon zuciya da mutuwar wuri, masu aikin ƙarfi kuwa haɗarinsu ma ƙaruwa ya yi. Masana na danganta hakan da yanayin aikin. Mai sassarfa yana ɗaga bugun zuciyarsa na rabin awa, ya huta, zuciyar ta ƙara ƙarfi. Lebura yana ɗaukar nauyi tun safe har yamma, jininsa na hawa, ga rana, ga tsayuwa, kuma ba shi da ikon cewa ya gaji. Gobe ya koma kafin jikin ya warware.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Wannan shawara ta fi amfanar mai zaman kujera. Wanda ya wuni yana tura baro ba ƙarancin motsi ke damunsa ba. Abin da ya rasa shi ne hutu a tsakiyar aiki, da na'urar ɗaga kaya, da albashin da zai ba shi damar kwana ɗaya a gida.