Me Ya Sa Koci Ya Ajiye Mai Lamba Tara?

A watan Satumban 2024 ƙungiyar unguwarmu a Gadarif ta yi canjaras sau biyu, aka doke ta sau ɗaya. A duk wasannin ukun, mai lamba tara, wanda ya fi kowa zura ƙwallo, yana zaune a benci yana tauna gyaɗa. Wani yaro ɗan shekara 16, ƙafafunsa kamar sillen kara, shi ke buga gaba.

Da farko muka ce rauni ne. Sai na ga mai lamba tara da asuba a kasuwar amfanin gona, yana sauke buhunan dawa daga kan tirela, ko ɗingishi babu.

A teburin mai shayi aka ce koci talla yake yi da yaron, don Hilal ko Marrikh su saya. Wannan ma ba ta zauna ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 harkar ƙwallo ta watse a Khartum, kuma a waccan kakar ƙungiyoyin biyu na Omdurman sun koma Muritaniya suna buga gasar can. Wa zai zo filin taɓonmu neman ɗan wasa?

Saura zargin faɗa. Amma ranar Juma'a na tarar da koci da mai lamba tara suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Na kasa haƙuri, na ce wa koci, "Baba, maki bakwai fa muka zubar."

Ya ciro jadawalin gasar daga aljihu, duk ya yi laushi da gumi, ya ɗora yatsa a kan wasanni huɗu na ƙarshe. "Ɗana, karanta min watan."

Oktoba. Nan take na gane.

Riɗi ba ya jiran kowa. Da ya nuna, in ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa a Oktoba manyan gonakin Gadarif ke kwashe duk wani mai ƙarfi, da lada mai tsoka. Mai lamba tara magidanci ne, da kuɗin yankan riɗi yake ciyar da gida har bazara. Shi da kansa ya gaya wa koci tun a Agusta cewa zai tafi, tare da 'yan baya biyu.

"In na jefa yaron nan a wasan da ba a gyara shi, zai karye," in ji Baba. "Gara ya yi kurensa yanzu da maki ke da araha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ranar wasan ƙarshe manyan suna gona da lauje. Yaron ya zubar da dama biyu, ko gezau bai yi ba, don ya riga ya saba da ihun 'yan kallo. Ta ukun ya sa ta a raga. Muka ƙare na biyu a tebur, maki ɗaya tsakaninmu da zakara.

Har yau a teburin mai shayi ana lissafin makin nan bakwai na Satumba. Baba kuwa ya fara saka wani ɗan shekara 15 a gola.