Bandir da Dami Ba Ɗaya Ba Ne

Kalmar nan bandir da muke ji a kasuwar Daura da ta Mai'aduwa, aro ce daga Turanci, wato "bundle". A bakin Bature, duk abin da aka tara aka ɗaure sunansa ke nan, ko itace ne, ko kara, ko tufafi. Idan mutum ya samu kuɗi masu yawa, sai a ce ya yi bandir. Har jariri ma akan kira shi bandir na farin ciki.

Mu kuwa da muka aro ta, sai muka bar ta ga kayan kanti masu ƙidaya. Bandir ɗin kwanon rufi falle 20 ne, ko na majami'a za a saya ko na ɗakin amarya. Amfanin gona yana da nasa suna: damin gero, damin dawa.

To, ga inda rigima take. Takardar rance da aka rubuta da Turanci "bundle" za ta ce, alhali dami ba shi da ƙidaya. Damin mutumin Baure dabam, na Sandamu dabam, kowa da tsawon maɗaurinsa. Geron shekarar albarka kuma ya fi na shekarar fari tsaba. Wanda ya ci bashin dami 10 da damina, ran biya sai gardama ta raba shi da ɗan'uwansa.

Saboda haka, kafin ku dangwala hannu, ku sussuke dami ɗaya a gaban shaidu, ku sheƙe, ku auna da tiya, a rubuta yawan tiyoyin. Haka kuma za ku yi kafin ku zuba hatsi a rumbu, domin maigida ya san ko abincin zai kai iyalinsa wata kaka.