Yaron da Nonon Shanu Bai Karɓe Shi Ba, Me Za a Ba Shi?

Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya a yaye yaro ba da fura da nono ba. Ƙwaryar Bafillatana tana iso mu har ƙofar gida, kuma duk uwa ta san nono ke sa yaro ƙiba. Shi ya sa idan aka ce wani yaro nonon ne ke cutar da shi, mutanen gida ba sa saurin yarda. Haka muka yi fama a kan ɗan ƙanwata. Duk ranar da ya sha, sai leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, amai ya biyo baya, kakarsa kuwa tana cewa haƙori ne. Sai da likitar yara a Sakkwato ta sa aka janye nono na 'yan makonni, yaro ya murmure, sannan aka gaskata.

Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin yaron tana ɗaukar furotin ɗin nonon shanu a matsayin abokin gaba. Yara biyu zuwa uku cikin ɗari ke samun wannan. Ya bambanta da kumburin ciki da wasu manya ke yi saboda sukarin madara. Tafasawa ba ta kawar da furotin ɗin, kuma komawa nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ce, domin furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Kindirmo, cuku, man shanun da ake zubawa a miya, madarar gwangwani a shayi, Milo, alewar madara da yawancin biskit, duk akwai furotin ɗin nonon shanu a cikinsu. Har abincin nan na leda da ake ba masu tamowa a asibiti akwai garin madara a cikinsa, don haka a gaya wa ma'aikaci tun kafin ya miƙo.

Inda na fi ganin ana kuskure shi ne neman wani abu fari a maye gurbin nono. Kunun aya fari ne, mai daɗi, amma abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne. Ruwan niƙaƙƙiyar shinkafa ma haka, duk da albarkar shinkafar fadamar Wurno, kuma likitoci sun hana mai da shi abin shan ƙaramin yaro. Wanda aka riƙe da waɗannan kaɗai, tamowa na nan tafe.

Abin da nono ke bayarwa shi za a nema: furotin, maiƙo da kalsiyam na ƙashi, wanda ɗan shekara ɗaya zuwa uku ke bukatar kimanin miligiram 500 a yini. Kuma duk suna kasuwarmu. Miyar kuka tana da kalsiyam sosai, haka zogale. Ƙananan kifin madatsar Goronyo, idan aka busar aka daka su da ƙayarsu aka tankaɗe, a riƙa barbaɗawa a miya ko faten wake, a ganina babu abin da ya kai su araha da amfani. Ga ƙwai, ga alala, ga awara. Kokon gero kuwa a haɗa shi da soyayyen waken suya da gyaɗa, a ɗiga man gyaɗa ko manja. Fura kanta ba ta da laifi: a dama masa farau-farau, ko a sa ruwan garin ɗiyan kuka don tsami, amma da ludayi da ƙwaryar da nono bai taɓa ba.

Sai dai a shigo da sabon abu ɗaya-ɗaya, a ba shi kwana uku ana lura, domin wasu yaran waken suya, gyaɗa ko ƙwai ma ba sa karɓar su. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nonon uwa kaɗai ya dace da shi, kuma kada a yi gaggawar yaye, a kai shi shekara biyu.

Idan numfashi ya sarƙe, ko fuska da harshe suka kumbura, a nufi asibiti nan take, ba a tsaya jiƙo ba. Yawancin yaran nan abin yana barinsu kafin shekara biyar, amma likita ne zai faɗi lokacin sake gwadawa da yadda za a yi, ba a gwada a gida don an ga yaro ya yi ƙwari ba.