ƘUNGIYAR AIKIN GAYYA: YADDA ZA A RIƘE TA TA ƊORE

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu, gama su ne mutanen gari kan fara dosa in sun yi niyyar kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Kafa ƙungiya ba wuya. Samari ashirin sun isa su taru a gindin bishiya da la'asar, su raɗa mata suna, su naɗa shugaba, kafin magariba an gama. Wuyar ita ce a komo bayan shekara uku a tarar da ita tana aiki, mutanenta kuma ba su ɓata da juna ba. Abin da kan kashe irin waɗannan ƙungiyoyi ba ya wuce uku: a ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu, ko a yi sakaci da lissafin kuɗi, ko kuwa talakawa su ga kamar tilas ake yi musu.

GAYYA DA TILAS

Gayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai gona yakan aika da goro wurin sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana, makaɗa su zo da gangunansu, a yi noma tun hantsi har rana ta take, a sha fura, a ci tuwo, a watse. Kowa ya san iyakar gonar, kowa ya san ranar, wanda bai zo ba kuma ba mai kama shi, sai dai in tasa gayyar ta zo ya ga wayam. Ƙungiyar zamani gayya ce da aka yi wa mazauni, watau tana da kuɗi da kayan aiki waɗanda ke kwana a hannun wani. Wannan shi ne sabon abu a cikinta.

Amma akwai wani aikin taron wanda ba gayya ba ne, kuma mutanenmu ba su manta da shi ba. A zamanin Turawa an sha ɗiban talakawa don aikin hanya da dakon kaya. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa kuwa ba su komo gida ba. Wannan ne ake kira ɗiban gwamna, kuma ta hannun hakimai da dagatai aka bi aka yi shi. Saboda haka in sanƙira ya fita da dare yana shelar cewa Hakimi ya ce gobe kowa ya fito da fartanya, akwai tsofaffin da wani abu dabam ke faɗo musu a rai. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 34, ya hana aikin tilas, ko da yake ya keɓe ayyukan da jama'a suka saba yi don amfanin garinsu. Kada a fake da wannan keɓewa. Mutumin da aka tsorata ya fito zai riƙe shebur har a tashi, amma ba za a ga ramin da ya haƙa ba.

MATSAYIN HAKIMI

Hakimi uban ƙungiya ne, kada ya zama shugabanta. Dalili kuwa a fili yake. In shi ne shugaba, babu saurayin da zai iya miƙewa a gabansa ya ce lissafi bai cika ba. Kuma ranar da rigima ta tashi tsakanin 'yan ƙungiya, gaban wa za a kai ta, alhali mai rabon faɗan yana cikin faɗan? Abin da ake bukata gare shi shi ne ya sa albarka, ya halarci ranar fara aiki da ranar gamawa, ya kira sunayen waɗanda suka yi ƙoƙari a bainar jama'a, ya kuma buɗe musu ƙofofin da ba za su iya buɗewa da kansu ba.

An ga amfanin wannan rabon aiki a yaƙin da aka yi da cutar shan inna. A 2003 an dakatar da allurar rigakafi a Kano saboda zargin da ya bazu, ba a ci gaba ba sai a 2004. A 2009 Sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka tsaya a kan al'amarin, 'yan sa kai kuma, yawancinsu mata, suka yi ta bin gida gida. Ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Maganar sarakuna ce ta buɗe zaure, amma ƙafar 'yan sa kai ce ta shiga cikin gida.

A Jamhuriyar Nijar kuwa an ga ɗaya gefen. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya, watau ƙungiyar samari ta gargajiya, aka gina ajujuwa, aka shuka itatuwa, aka yi ayyuka masu yawa da ita. Sai dai ta zama hannun gwamnati, kuma da wannan mulki ya shuɗe ƙarfinta ya tafi tare da shi. Don haka a nisanta ƙungiya da jam'iyyun siyasa. In ɗan takara ya kawo siminti a karɓa, a rubuta, a yi masa godiya kamar kowa, amma kada a liƙa hotonsa a jikin ginin.

AIKIN FARI

A zaɓi ƙaramin aiki wanda za a gama cikin mako biyu ko uku, wanda kuma kowa zai gani da idonsa: cike zaizayar da ta yanke hanyar kasuwa, ko katange maƙabarta, ko yashe kwata, ko ɗaura wa rijiya baki. Samari kan so su fara da asibiti. A lallashe su. Ginin da ya tsaya a iyakar taga shekara biyar yana nan a tsakiyar gari yana yi wa kowa gori, duk wanda ya zo neman gudummawa bayansa kuma sai a nuna masa shi.

Lalle ne a dubi lokacin shekara. Da damina kowa yana gonarsa, ba a kiran gayya sai ta shuka itatuwa, ita ma sai ruwa ya zauna sosai, wajen Yuli da Agusta. Da kaka hatsi ya shigo, hannun mutane da ɗan abu, lokacin tara gudummawa ke nan. Gini da haƙar rijiya na rani ne, amma a tuna da rani ne majiya ƙarfi ke tafiya ci-rani, saboda haka a sa ranakun aiki tun ba su tashi ba. Yashe magudanan ruwa kuwa da bazara ake yi, kafin ruwan fari. A kauce wa ranar kasuwa, in azumi ya kama a mai da aiki da sassafe ko a ɗaga shi. Kada a wuce sa'a uku ko huɗu a rana, gama kowannensu yana da iyalin da zai ciyar.

In aikin ya shafi gwamnati, a nemi bakinta tun ba a sari ƙasa ba. Kada a gina aji sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta yarda a rubuce cewa za ta aiko da malami, haka kuma ɗakin shan magani. Batun fili ma haka: bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙon fili a karkara, to, in wani ya ba da gonarsa kyauta a rubuta da shaidu, magadansa su sa hannu, a kai takardar can. Sa'an nan a samu mai sani ya tsaya a kan aikin. Sa kai ba ya mai da mutum magini. Kwaɓin kankare na yau da kullum shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. In aka rage siminti don a yi tsimi, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. Rijiya ta nisanci masai da kamar mita 30, kuma kada a bar saurayi ya shiga tsohuwar rijiya mai zurfi ba gwanin haƙa a wurin, domin iskar da ke ƙasanta takan kashe mutum nan take, ta kuma kashe wanda ya bi shi don ya cece shi.

LITTATTAFAI HUƊU

Nan ne malamin Hakimi zai fi yin amfani. Ba shi zai riƙe wa ƙungiya littattafanta ba, amma shi zai koya wa magatakardanta, ya kuma riƙa dubawa. Ana bukatar littafin sunaye, inda za a sa alama ga wanda ya zo aiki. Da littafin taro, inda za a rubuta abin da aka yanke da sunan wanda aka ɗora wa. Da littafin kaya, inda za a ƙidaya shebur da diga da baro da kwanon sarki, da wanda ya ara da ranar da ya mayar. Sa'an nan littafin kuɗi, wanda ya fi sauran duka.

Shafin hagu abin da ya shigo, shafin dama abin da ya fita, kowane da kwanan wata. Duk wanda ya ba da ko naira ɗari ce a yanka masa rasit. Wanda ya ba da hatsi ko kaza ko ya ba da aron amalankensa, shi ma a rubuta, gama talaka yakan ji zafi in an karanta sunan mai kuɗi an tsallake nasa. Ma'aji dabam, magatakarda dabam, kuma kada su fito daga gida ɗaya. In kuɗi ya taru a buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba, a sa mutum uku, ba a fid da ko kwabo sai biyu daga cikinsu sun sa hannu. Gudummawar da ake turowa ta waya, musamman daga 'yan gari mazauna birni, ita ma ta faɗa wannan asusun, kada ta bi ta asusun kowa, ko da amintacce ne. Kada a ba da rance daga kuɗin ƙungiya, ko ga wa. Wanda ya ci ba zai ƙara zuwa taro ba, an yi hasarar kuɗi da mutum ke nan.

Kowane wata a karanta lissafi da babbar murya a gaban taro, a kuma manna kwafinsa a zauren dagaci. Wasu ma'ajiya kan ɗauki wannan kamar tuhuma ce. A fahimtar da su cewa kariya ce gare su, domin mutumin kirki da yawa ya rasa mutuncinsa a kan kuɗin jama'a, ba don ya ci ba, sai don ya kasa nuna inda suka shiga.

SHUGABANCI DA RAJISTA

A rubuta ƙa'idodin ƙungiya a shafi ɗaya ko biyu da Hausa, a karanta wa kowa. A ciki a faɗi wa'adin shugabanni. Shekara biyu ta isa, sa'an nan a sake zaɓe ko da babu mai ƙorafi. A jawo yara masu tasowa a ba su ƙaramin muƙami tun yanzu. Mata kuwa sau da yawa sun fi sakewa in suna da reshensu da shugabarsu da asusunsu, kuma a sha'anin tsabtar gida da haihuwa da rigakafi babu mai kai wa inda suke kaiwa. Wanda ya yi fashin aiki sau uku a jere kada a fara da cin tararsa. A tura mutum biyu su gaishe shi, gama wataƙila ciwo ne ko rashin abinci a gida.

Ƙaramar ƙungiya ta ƙauye rajistar ƙaramar hukuma ta ishe ta. In ta girma har tana son mallakar fili ko gini da sunanta, ko karɓar taimako daga manyan ƙungiyoyi, sai ta naɗa amintattu ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Banki ma yakan nemi takardar rajista da ƙa'idodin ƙungiya kafin ya buɗe asusu.

Ana roƙon malaman Hakimai su ajiye jerin ƙungiyoyin da ke ƙasarsu, da sunayen shugabanninsu, da aikin da kowace ta gama cikin shekara, domin in wakilin Sarki ko jami'in ƙaramar hukuma ya zo rangadi a nuna masa. In kuma wata ƙungiya ta mutu, kada a bari 'yan kwamiti su rarraba kayanta. A ƙidaya su a gaban shaidu, a rubuta, a danƙa wa dagaci ajiya tare da littattafan, har wasu samarin su taso su nema.