3.4 Dafa Abinci Da Yawa Da Adana Shi A Firiza

Dafa abinci a ajiye don gaba ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Tuwon dare da ake ɗumamawa da safe, da dambun nama, da soyayyen naman layya da ake ci har tsawon makonni, duk misalai ne na haka. Abin da firiza ta kawo shi ne tsawaita lokacin ajiyar abinci mai ruwa-ruwa, musamman miya, wadda a da ba ta kwana biyu sai an riƙa tafasa ta safe da yamma. A wannan sashe za a yi bayanin yadda sanyi yake tsare abinci da kuma inda aikinsa ya tsaya.

Dalilan da suke sa mata yin wannan girki a fili suke. Matar da take fita aiki tana iya keɓe ranar Asabar ta yi miyar mako guda, ta rage kashe gas ko kananzir. Har ila yau akwai batun farashi. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani daga Kadawa da Kura yake cika kasuwar 'Yankaba a Kano, kwando yakan yi araha ƙwarai, sa'annan ya yi tsada da damina.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata a fahimta shi ne sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai yake yi. A ma'aunin Selshiyos, firiza mai aiki sosai tana riƙe abinci a digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma a wannan sanyi ƙwayoyin ba sa iya yaɗuwa. Da zarar abincin ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa, saboda haka ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa ga mai girki da yawa, domin babbar tukunyar miya takan daɗe tsakiyarta da ɗumi ko da samanta ya huce, balle a watan Afrilu da zafin Kano yake kaiwa digiri 40. Wato ke nan yawan abincin da ake nema shi ne kuma yake kawo haɗarin. Mafita ita ce a raba miyar a ƙananan robobi marasa zurfi tun tana da zafi, ko a tsoma tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ana juyawa. Shinkafa ta fi buƙatar wannan kulawa, domin akwai wata ƙwayar cuta da take tsira daga dahuwa, kuma idan shinkafar ta daɗe da ɗumi takan fitar da gubar da ɗumame ba ya kawar da ita.

Ba kowane abinci ne yake jure daskarewa ba. Ruwan da ke cikin abinci yakan zama ƙanƙara, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya farfasa jikin abincin. Shi ya sa ake barin ɗan fili a saman roba kafin a rufe. Tun shekarun 1920 Clarence Birdseye na Amurka ya gina sana'arsa a kan lura da cewa daskarewa cikin sauri tana samar da ƙananan ƙanƙara da ba sa ɓata abinci sosai, kuma wannan wani dalili ne na amfani da ƙananan robobi. Soyayyen markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, da miyar dage-dage, da romon nama, da dafaffen wake da alala, duk suna fitowa daga firiza kusan yadda aka sa su. Dankalin turawa kuwa yakan yi ruwa, tuwo kuma ya yi gari-gari. A ganin mai wannan nazari, babu ma ribar daskarar da miyar kuka, tun da kukar busasshiya ce kuma kaɗa ta ba ya cin lokaci. Romon da aka dafa da daddawa shi ya fi dacewa a ajiye, a kaɗa kuka ranar da za a ci. Miya mai mai da yawa takan canza ɗanɗano idan ta wuce wata 2 zuwa 3, don haka yana da kyau a rubuta kwanan wata a jikin murfin.

Babbar matsalar ita ce wutar lantarki. An sauya NEPA zuwa PHCN a 2005, sa'annan aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, amma ɗauke wuta bai zama tarihi ba. Firizar da ta cika, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi har kusan awa 48, wadda take rabi kuwa kusan awa 24. Saboda haka cike gurbin da ya rage da robobin ruwa dabara ce mai amfani. Idan wuta ta dawo aka tarar da sauran ƙanƙara a jikin abincin, ana iya barinsa ya sake daskarewa. Idan kuwa ya narke gaba ɗaya har ya yi ɗumi, bai kamata a dogara da shinshinawa ba, domin ƙwayoyin da suke kawo amai da gudawa ba lallai ne su canza warin abinci ba.

Wajen fitarwa, an fi so a sauko da robar zuwa firji tun da dare, ko a juye daskararriyar miyar kai tsaye cikin tukunya a kan wuta kaɗan-kaɗan. A tafasa ta sosai ana juyawa har zafin ya ratsa tsakiya, wato aƙalla digiri 70. Kowace roba ta kasance daidai cin iyali na lokaci guda, domin abin da aka narkar aka ɗumama bai kamata a mayar da shi firiza ba.